Matar Ɗa da Tsohon da Ya Manta Ɗansa: Tarihin Jinya a Gidajen Japan

A watan Yunin 1972 littattafai biyu suka shiga kasuwa a Tokiyo kusan lokaci guda. Na farko na wani gawurtaccen ɗan siyasa ne, Tanaka Kakuei, wanda wata guda bayan haka ya zama firaminista. Cike yake da alƙawarin manyan tituna, jiragen ƙasa masu gudun walƙiya da masana'antu daga wannan gefen Japan zuwa wancan. Na biyun ƙagaggen labari ne na wata marubuciya mai shekara 41, Ariyoshi Sawako, kan wani tsoho ɗan shekara 84 da gigin tsufa ya kama, yana fita ya ɓace a titi, yana ɓata shimfiɗarsa, ba ya gane ɗan cikinsa. Da shekara ta ƙare, littafin tsohon ne ya zo na ɗaya a ciniki a duk ƙasar, ya bar na firaminista a baya. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya kafin ya cika shekara.

Sunan littafin Kokotsu no Hito. Kalmar kokotsu na nufin irin shagalar da mutum ke yi idan wani daɗi ya ɗauke masa hankali, har ya manta inda yake. Ariyoshi ta ɗauki wannan kalma mai taushi ta ɗora wa abin da mutane ke kira da sunaye masu zafi, kuma kafin a ankara ta shiga bakin jama'a: duk tsohon da ya fara ruɗewa sai a ce ya zama mutumin kokotsu. Da aka fassara littafin zuwa Ingilishi a 1984, an sa masa suna The Twilight Years.

Labarin bai da wani ƙulli mai rikitarwa. Akiko matar aure ce da ke aiki a ofishin lauyoyi, tana zaune a unguwar Suginami ta Tokiyo tare da mijinta Nobutoshi, ma'aikacin kamfanin kasuwanci, da ɗansu Satoshi da ke shirin jarrabawar shiga jami'a. Iyayen mijin suna wani ɗan sashe da aka gina musu a cikin harabar gidan. Wata rana dusar ƙanƙara na zuba, Akiko na dawowa daga aiki niƙi-niƙi da cefane, ta ci karo da surukinta Shigezo yana ta sauri a titi ba rigar sanyi. Ta lallaɓo shi gida. Yana ta kukan yunwa, yana cewa tsohuwar ta ƙi tashi ta ba shi abinci. Da aka leƙa sashensu, ashe tsohuwar ta cika. A ranar ne gidan ya gane abin da uwar mijin ta daɗe tana rufawa: tsohon ya jima da ruɗewa, ita ce ke tare masa komai.

Inda Ariyoshi ta nuna gwanintarta shi ne wajen zaɓar wanda tsohon zai manta da wanda zai riƙe. Shigezo mutum ne mai ƙorafi da tsegumi, wanda ya shafe shekaru yana kushe girkin Akiko, yana yi mata gorin aikin ofis. Da mantuwa ta ci ƙarfinsa, ɗansa Nobutoshi ya koma masa baƙo, har yakan ɗauke shi ɓarawo ne ya shigo gida. 'Yarsa ma ta ɓace masa. Sunan Akiko kuwa ya zauna daram a bakinsa, ita yake kira da tsakar dare, ita ce ke riƙe shi ya fita tsakar gida ya yi fitsari, ita ke yi masa wanka, ita ke sauya masa ƙunzugu. Mijin, wanda shi ne ɗan tsohon, ya koma kallon abin daga nesa. Duk sa'ad da ya dubi tsohon, kansa yake hangowa nan da shekara talatin, sai tsoro ya kama shi ya ƙara ja da baya. Ga mai karatun da ya tashi inda matar ɗa ba ta ko kama sunan uban mijinta don kunya, wannan hoto na da nauyi na daban. Can ma ba abu ne mai sauƙi ba, amma al'ada ta riga ta yanke cewa aikinta ne.

To, yaushe aka yanke? Mutanen Japan na wancan zamani sun ɗauka abin tun kaka da kakanni ne. Tarihi bai ba su gaskiya duka ba.

A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, lokacin da sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa ke mulki, biyayya ga iyaye ita ce kan gaba a tarbiyya, kuma hukuma kan ba da lada ga wanda ya yi fice a kanta. A 1801 gwamnatin ta buga wani kundi mai suna Kogiroku, mai ɗauke da bayanan mutum sama da 8,000 da aka yaba wa saboda kyawun hali, da yawansu saboda jinyar iyaye. Masana tarihin da suka bi irin waɗannan takardu sun tarar maza ne da yawa a ciki. Maigida shi ke da alhakin tsofaffin gidansa, kuma jarumin samurai na iya neman izini daga ubangidansa ya ajiye aiki ya je ya yi jinyar mahaifinsa ko mahaifiyarsa, akwai ma sunan da ake kiran wannan hutu da shi. Ba wai mata ba sa wahala ba ne. Littattafan tarbiyyar 'yan mata irin su Onna Daigaku, wanda ya yaɗu tun farkon ƙarni na 18, sun dage cewa amarya ta fifita iyayen miji a kan nata. Amma abin kunya ne ga ɗa namiji a ce ya sakar wa wani jinyar ubansa.

Zamanin Meiji ne ya sauya rabon aikin. Dokar zamantakewa ta 1898 ta kafa tsarin da ake kira ie, wato gida a matsayin wata ƙaramar hukuma mai shugaba ɗaya. Babban ɗa namiji shi ke gadon gidan kacokan, gona da suna da wurin tunawa da kakanni, a madadin haka shi zai riƙe iyaye har su mutu. A daidai wannan lokaci kuma ƙasar na kwashe mazan zuwa soja, masana'anta da ofis, makarantu na koya wa 'yan mata cewa burin mace shi ne ta zama matar kirki kuma uwa mai hikima. Sai alhakin ya zauna a sunan ɗa, aikin ya sauka a hannun matarsa. Ko kalmar yome, amarya ko matar ɗa, idan aka rubuta ta da harafin Sin, alamar mace ce aka jingina da alamar gida.

Abin da ya sa tsarin ya yi ta tafiya ba tare da an ji ƙararsa ba shi ne mutane ba sa daɗewa. A 1947 matsakaicin tsawon rai a Japan shekara 50 ne ga namiji, 54 ga mace. Yawan mutuwar jarirai da tarin fuka ne suka ja lissafin ƙasa, gaskiya ne, amma ko wanda ya tsufa ɗin, idan ya kwanta ciwo ba ya jimawa. Shanyewar ɓarin jiki ko ciwon haƙarƙari kan gama da shi cikin makonni ko watanni. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa akwai hanyar da doka ta buɗe: daga 1900 har zuwa 1950 an halatta wa iyali su kulle mai taɓin hankali a wani ɗaki a cikin gida, da sanin hukuma. Akwai kuma tsohuwar tatsuniyar ubasute, ta ɗan da ke goya gyatumarsa ya kai ta kan dutse ya baro ta saboda ƙarancin abinci. Babu hujjar cewa an taɓa yin haka a matsayin al'ada, amma tatsuniyar ba ta mutu ba. Fukazawa Shichiro ya gina littafinsa Narayama Bushiko a kanta a 1956, fim ɗin da Imamura Shohei ya yi daga littafin kuma ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1983.

Bayan yaƙin duniya na biyu, gyaran dokar 1947 ya rushe tsarin ie a takarda. Gado ya koma na 'ya'ya duka, maza da mata. Sai aka samu wani lauje cikin naɗi wanda ya ɗauki shekara saba'in kafin a taɓa shi. A sabuwar dokar, wajibcin ɗaukar nauyin tsoho yana kan 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa na jini, matar ɗa ba ta ciki sai in kotu ce ta sa ta. Haka nan ba ta cikin magada. Ke nan wadda ke wanke kashin tsohon shekara goma, doka ba ta ce dole ta yi ba, kuma ranar rabon gado ko tsinke ba ta da shi. Abin da ke riƙe da ita bakin dangi ne da idon maƙwabta. Wani bincike na ƙasa baki ɗaya da aka yi a 1968 kan tsofaffin da ke kwance ba sa iya tashi ya nuna kusan rabin masu jinyarsu matan 'ya'yansu ne.

A 1970 waɗanda suka kai shekara 65 suka cika kashi 7 cikin 100 na al'ummar Japan, tsawon rai ya haura zuwa 69 ga maza, kusan 75 ga mata. Maganin zamani ya koyi yadda zai raya jiki, bai koyi yadda zai riƙe ƙwaƙwalwa ba. A wannan gaɓar Ariyoshi ta shigo.

Ba baƙuwa ba ce ga rikicin cikin gida. An haife ta a Wakayama a 1931, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a tsibirin Java inda mahaifinta ke aikin banki, ta yi karatu na ɗan lokaci a Amurka. Littafinta na 1966 kan matar likita Hanaoka Seishu labarin kishi ne tsakanin uwar miji da matar ɗa, kowacce na miƙa jikinta a gwada maganin sa barci a kanta don ta fi ɗayar daraja a wurin mutum guda. Manyan masu sharhin adabi ba su ɗauki Kokotsu no Hito da muhimmanci ba, suna ganin abin bai wuce rahoton jarida da aka yi wa ado ba. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, don wasu shafukan sun fi kama da bayanin ma'aikatar lafiya. Sai dai abin da suka raina shi ne ƙarfinsa. Ariyoshi ta rubuta wari, ta rubuta rashin barci, ta rubuta safiyar da aka tashi aka tarar tsohon ya shafe tabarmar tatami da ƙazantarsa, Akiko ta durƙusa tana kankarewa. Dubban mata sun karanta sun ga ɗakinsu.

Wurin da ya fi tayar da ƙura shi ne inda wata jami'ar walwalar jama'a ta ziyarci gidan. Akiko ta ɗauka tunda ana biyan haraji, akwai inda za a kai tsohon. Dokar walwalar tsofaffi ta 1963 ta tanadi gidajen kula da su, amma gadajen kaɗan ne, layin jira dogo, kuma ba sa karɓar mai yawon ɓata irin Shigezo. Abin da ya rage shi ne asibitin mahaukata. Jami'ar ta tafi ta bar ta da shawarar da ba ta wuce a yi haƙuri ba, uwargida ce za ta daure. Ɗan nasu Satoshi kuwa, da ya gama kallon kakansa, ya roƙi iyayensa kada su yi irin wannan tsawon rai. Ba don rashin kunya ya faɗa ba, kuma shi ya sa maganar ta fi ciwo.

Duk da haka littafin ba kuka ba ne zalla. Bayan tsohon ya kusa nutsewa a kwamin wanka ya kuma tsallake ciwon haƙarƙari, wani abu ya juya a zuciyar Akiko, ta ƙudurta za ta raya shi iya ƙarfinta. Shi ma ya yi laushi, ya koma murmushi kamar jariri, yana zama gaban kejin wani ɗan tsuntsu yana kallo. Masu fafutukar 'yancin mata sun daɗe suna jayayya kan wannan juyi: shin Ariyoshi ta tona asirin al'adar ne, ko kuwa a ƙarshe ta shafa mata mai? Amsar da ta fi kusa ita ce ta yi duka biyun, domin haka abin yake a gidaje da yawa. Mutum kan tsani aikin, ya kuma shaƙu da wanda yake yi wa.

An mayar da littafin fim a 1973, Toyoda Shiro ya ba da umarni, Takamine Hideko ta fito a Akiko. Morishige Hisaya, wanda ya fito a tsohon, shekararsa 59 kacal a lokacin. Shi kansa sai da ya kai 96.

A wannan shekarar ta 1973 gwamnatin Tanaka ta mayar da magani kyauta ga mafi yawan waɗanda suka kai shekara 70, ta kuma yi shelar cewa an shiga shekarar farko ta zamanin walwala. Ba littafin kaɗai ya jawo haka ba, gwamnan Tokiyo Minobe Ryokichi ya riga ya fara tun 1969, jam'iyya mai mulki na tsoron a kwashe mata ƙuri'u. Sakamakon kuwa ya zo ta inda ba a zata ba. Kai tsoho gidan kula da tsofaffi abin gori ne, za a ce an kai shi kan dutse an yar. Kai shi asibiti kuwa ba mai cewa komai, ga shi kyauta. Nan da nan asibitocin tsofaffi suka yi ta tsirowa, aka cika su da mutanen da ba magani suke bukata ba, kulawa suke nema. Wasu sun yi shekaru a kwance ana ɗura musu ruwa da ƙwayoyi, masu yawo a cikinsu a ɗaure su a jikin gado. Kuɗin ya yi wa baitulmali yawa, aka dawo da biyan wani kaso a 1983.

Tsadar man fetur da ta biyo bayan rikicin Gabas ta Tsakiya a ƙarshen 1973 ta rage wa gwamnati karsashi, sai ta waiwayo ga al'ada. Rahoton ma'aikatar lafiya da walwala na 1978 ya bayyana zaman tsofaffi tare da 'ya'yansu a matsayin wata ɓoyayyiyar kadara a kasafin walwala. Da wuya a samu inda wata hukuma ta faɗi gaskiya tsirara haka ba da niyya ba: kadarar ita ce Akiko. A 1979 jam'iyya mai mulki ta fito da manufar walwala irin ta Japan, wadda ginshiƙinta gida ne. Ƙananan hukumomi da dama suka riƙa shirya bikin karrama surukar kirki, a kira matar da ta yi shekaru tana jinya a miƙa mata takardar yabo a gaban jama'a, ta koma gida ta ci gaba daga inda ta tsaya. A 1980 kashi 69 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna zaune ne da 'ya'yansu.

Masu jinyar ne suka fara haɗa kai. A 1980 aka kafa ƙungiyar iyalan masu gigin tsufa a Kiyoto, wadda har yau tana nan da rassa a duk faɗin ƙasar. A 1983 marubuciya Higuchi Keiko ta jagoranci kafa ƙungiyar mata masu neman gyara rayuwar tsufa, suka yi ta tattara bayanan abin da ke faruwa a bayan ƙofofi. Gwamnati ta fito da shirin shekara goma a 1989, wanda aka sa wa suna Gold Plan, don ƙara gadaje da masu zuwa gida taimako. A 1994 tsofaffi suka kai kashi 14 cikin 100. Abin da ya ɗauki Faransa fiye da shekara ɗari, Japan ta yi shi a 24.

Majalisa ta zartar da dokar inshorar kulawa a 1997, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2000, shekara 28 bayan fitowar littafin. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biyan kuɗin inshorar, haraji na cike rabin asusun. Idan tsoho ya gaza, a auna shi a sa shi a mataki gwargwadon bukatarsa, a haɗa shi da jami'in da zai tsara masa kulawa: mai zuwa gida yi masa wanka, motar da za ta ɗauke shi da safe zuwa cibiyar yini ta dawo da shi da yamma, kwanan wucin gadi don masu gida su huta. A farko kashi 10 cikin 100 na kuɗin kawai yake biya daga aljihunsa. Muhawarar da ta fi zafi ita ce ko a riƙa ba iyali kuɗi a hannu idan su ke jinyar, kamar yadda Jamus ta yi a tsarinta na 1995. Mutum zai zaci mata ne za su fi son haka. Higuchi da abokan tafiyarta suka ƙi, hujjarsu ita ce ɗan abin da za a bayar zai shiga aljihun maigida, ya kuma zama sabuwar igiyar ɗaure matar ɗa: ai ana biyanki. Suka yi nasara. Ana saura watanni a fara, a 1999, wani jigon jam'iyya mai mulki, Kamei Shizuka, ya koka cewa tsarin zai lalata kyakkyawar ɗabi'ar 'ya'ya su kula da iyayensu. Matan da ke wanke ƙunzugu sun san ko su wane ne 'ya'yan da yake nufi.

Har sunan ciwon aka sauya. Tsohuwar kalmar hukuma, chiho, harufanta na ɗauke da ma'anar wauta da dolanci. A ƙarshen 2004 ma'aikatar lafiya ta maye gurbinta da ninchisho, wato larurar fahimta. Daga 2005 aka fara ba talakawa, 'yan makaranta, ma'aikatan banki da masu kanti horon awa ɗaya da rabi kan yadda za su yi da tsohon da ya ruɗe a gabansu, a ba su abin hannu ruwan lemo. Miliyoyin mutane sun karɓa.

Amma wata shari'a ta nuna cewa tsohon tunanin bai tafi ko'ina ba. A watan Disambar 2007, a garin Obu na lardin Aichi, wani tsoho mai shekara 91 ya fice daga gida a 'yan mintunan da gyangyaɗi ya ɗauki matarsa, ita ma shekararta 85. Ya hau jirgi ya sauka a tasha ta gaba, ya gangara kan layin dogo, jirgi ya take shi. Kamfanin jirgin ya kai iyalin ƙara yana neman diyyar yen miliyan 7.2 saboda jinkirin da hatsarin ya jawo. Kotun farko a Nagoya ta ce a 2013 matar da babban ɗan su biya duka. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa rabi a 2014, ta ɗora wa tsohuwar ita kaɗai. Masu jinya a duk ƙasar suka ce to, abin da ake so ke nan a koma kulle su a ɗaki. Sai ranar 1 ga Maris 2016 Kotun Ƙoli ta wanke iyalin. A cikin bayanan shari'ar akwai wani abu da wanda ya karanta Ariyoshi ba zai wuce shi ba: babban ɗan yana zaune a Yokohama, matarsa ce ta tattara ta koma kusa da surukanta don ta yi jinyar. Bayan hukuncin, birane irin su Obu da Kobe suka fara saya wa masu larurar inshorar haɗari. Kobe na karɓar ƙarin yen 400 a shekara daga masu biyan haraji don wannan. 'Yan sanda kuwa sun karɓi rahoton ɓatan masu larurar har 19,039 a 2023 kaɗai, mafi yawansu an gano su da rai cikin 'yan kwanaki.

Ita matar ɗan fa? A hankali ta zame. Binciken gwamnati na 2001 ya nuna kashi 22.5 cikin 100 na manyan masu jinya mata ko mazan 'ya'ya ne da ke zaune tare da tsohon. A 2022 sun koma kashi 5.4. Mata sun fita aiki, aure ya ragu, haihuwa ta ragu, amare sun daina tarewa a gidan iyayen miji. Dokar gado ta waiwaye ta ne bayan ta kusa barin fagen: daga Yulin 2019 matar ɗa da ta yi jinya kyauta na iya neman magada su biya ta wani abu. Wanda ya cike gurbin da ta bari kuwa miji ne ko mata, su ma tsofaffi, ko ɗa da 'yar cikin mutum. A gidajen da ake jinya ana zaune tare, sama da kashi 60 cikin 100 mai jinyar da majinyacin duk sun haura 65. Kimanin mutum 100,000 ke barin aiki kowace shekara don kula da wani nasu, kuma yanzu akwai Nobutoshi da yawa a cikinsu, mazan da ba su taɓa dafa shinkafa ba sai da uwa ta manta yadda ake kunna murhu. Cibiyoyin kulawa na fama da ƙarancin ma'aikata, suna ɗauko su daga Indonesiya, Filifin da Biyetnam, yawancinsu 'yan mata.

Ariyoshi ba ta ga inshorar kulawa ko abin da ya biyo bayanta ba. Ta mutu a gidanta a Tokiyo a watan Agustan 1984, tana da shekara 53.

Wanda ya ga abin daga farko har ƙarshe wani likitan ƙwaƙwalwa ne, Hasegawa Kazuo. A 1974, shekara biyu bayan littafin, lokacin da babu wata tsayayyiyar hanyar gane ciwon, ya fito da jerin tambayoyin da har yau asibitocin Japan ke amfani da su. A sigar da aka gyara a 1991 tambayoyi tara ne, maki 30: shekararka nawa, yau wace rana, ina muke, maimaita kalmomi uku ka riƙe su, cire 7 daga 100, lissafo sunayen kayan lambu. Wanda ya samu 20 ko ƙasa da haka, a ƙara bincika shi. Hasegawa na cikin waɗanda suka yi ta tallata cibiyoyin yini don masu gida su samu sararawa, yana kuma cikin kwamitin da ya sauya wa ciwon suna. A 2017, yana da shekara 88, ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ma ya kamu. Gwajin nasa ba zai yi aiki a kansa ba, tunda ya haddace tambayoyin, sai da aka bi da shi ta wasu hanyoyin. Gidan talabijin na NHK ya bi shi da kyamara, aka nuna shirin a farkon 2020. A ciki an kai shi irin cibiyar yinin da ya shafe shekaru yana ba iyalai shawarar su kai nasu, ya zauna cikin tsofaffi ana wasa, fuskarsa ba walwala, ya dawo gida ya ce shi ba ya son komawa, ɗakin karatunsa ya fi masa. Matarsa da 'yarsa ne suka riƙe shi. Ya mutu a watan Nuwambar 2021 yana da shekara 92.